Gaban Boko da Gaban Ajami

Mun tashi da asuba daga Tudun Wada, ni da wani maƙwabcina, muka taka a ƙasa har tashar jirgi ta Sabon Gari. Wani attajirin unguwarmu ne ya biya mana kuɗin Kano. Kanti zai buɗe, yana son a rubuta masa allo da boko irin na kantunan Turawa, KANTIN ALHERI. Ya ce mu je mu gano da idonmu, in mun dawo kowa ya rubuta nasa, wanda ya fi kyau shi za a kafa. Abin ya sosa mini rai tun kafin mu tashi. Shekara ashirin ina rubuta wa mutanen unguwa wasiƙa da ajami, yau ga ni an haɗa ni gasa da mutumin da ya koyi boko a wajen masinjanci.

Jirgin ya cika maƙil da fatake da kwandunan kaji. Hayaƙin gawayi yana shigowa ta taga, kafin Dangora farar rigata ta koma ruwan toka. A nan mata suka taso da fura da dakuwa, ƙwarya guda kwabo, wadda a gida anini biyar ake sayar da ita. Maƙwabcin nawa ya saya ya miƙo mini, na sha, amma idona na kan fensirin da ya maƙala a bayan kunne. Duk wanda ya shigo sai ya kalli fensirin nan ya ce masa Malam. Ni da gafaka a rataye ko sannu ban samu ba.

Da muka sauka Kano muka nufi layin kantuna. Jama'a, na ga rubutu. Haruffa ne baƙaƙe masu kaurin taɓarya, ba lanƙwasar ado, ba ɗan ƙafa ko wutsiya a bakinsu, kowanne an datse shi gutul. Kuma duk sun karkata gefe guda kamar masu tura amalanke. Daga tsallaken hanya kana ganinsu, ko ba ka iya karatu ba ka san kiranka ake yi. Na lura suna kawai ake rubutawa da su, a goshin kanti, a jikin mota, a kan gwangwanin sabulu. Sauran bayani sai a bi da siraran haruffa a ƙasa, don in aka cika shafi da waɗannan ido zai gaji.

Shi kuwa gogan nan take ya tsuguna a gaban wani kanti, ya karya tsinken tsintsiya yana auna kauri da tsawo yana zanawa. Akawun kantin ya fito, ya leƙa takardar, ya sa aka kawo masa kujera. Ni ina tsaye cikin rana. Ina kallon yadda yatsunsa ke tafiya ba gargada, ina ta addu'ar fensirin ya karye.

"Malam, ga takarda, kai ma ka zana," in ji maƙwabcin nawa.

Na ce, "Bar abarka. Haruffa sha biyu ba su fi ƙarfin kaina ba."

Abu uku na riƙe: masu kauri ne, ba su da ƙafa, sun karkata gaba. Muka kwana a Fagge wajen wani fatoma mai saukar da baƙi, na huce haushina a kan gurasa da ƙuli, washegari muka kamo hanyar gida.

Attajirin ya ba kowannenmu katako da baƙin fenti. Kwana uku na rufe zaure ina aiki. Ina duba sunan a wata takarda da aka rubuto mana ina jera haruffan daidai, amma daga dama na faro yadda hannuna ya saba, na kuma karkata su gaba. Da na gama, wallahi ni kaina ya burge ni.

Ranar da aka jingina allunan biyu a ƙofar kantin, attajirin ya kira wani akawun jirgi ya duba, don shi bai iya boko ba. Akawun ya tsaya gaban nawa ya kwashe da dariya.

"Malam, waɗannan ai da baya suke tafiya, kamar an ja musu riga."

Sai a lokacin na gane. Gaban mai ajami hagu ne, gaban boko dama. Maƙwabcina ya sa baki ya ce ai kaurin nawa ya fi nasa daidaito. Da ya yi dariya tare da su, da ya fi mini sauƙi.

Nasa aka kafa. Ga abin da tafiyar ta koya mini, ba kuma da daɗin rai nake faɗa ba: an biya mini kuɗin jirgi in je in kalli haruffa, ni kuwa na ƙare da kallon hannun maƙwabcina. Allon yana nan a bakin hanyar kasuwa, yana da kyau ƙwarai, kuma har yau ta bayan layi nake zagayawa.