Aljihun Rigar Yaya

Mutumin da ya sayar min da laftof a wajen Kasuwar Kwastam shi ya zuba min wasan a ciki, ban roƙa ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, abin da zan buga aikina da shi na je nema. Ya ce, "Hajiya, na sa miki gem guda. Samari ba sa son sa, wai ba harbi, ba gudu. Danne-danne ne kawai, kamar mai tsince shinkafa." Na ce masa ni ba Hajiya ba ce, kuma ba wasa ya kawo ni ba. Ban daɗe da komawa gida ba na buɗe shi.

Wasan na wata mata ne da ta je wani tsohon gida a bakin tafki, gidan da mai shi ya ɓace ba a san inda ya shiga ba. Ba ta faɗa da kowa. Kai ne za ka riƙa yawo da wani ɗan hannu fari a fuskar kwamfutar, duk abin da ka ɗora shi a kai ka danna, sai ya yi maka bayani. Ka danna agogo, a ce maka ya tsaya ranar da mutumin ya ɓace. Ka danna madubi, wata inuwa ta gifta ta bayanka. Abin da ka ga zai yi amfani, fitila ce ko igiya, ka ɗauka ka jefa a jaka, can gaba za ka buƙace shi. Da haka ake haɗa labarin har a gano abin da ya sami mai gidan.

Na nuna wa 'yan ajinmu, kowa da ta bakinsa. Wata ta ce barci yake sa ta. Wani ustazu ya ce shirka ce tsagwaronta, wanda ya mutu ba ya dawowa ya leƙa madubi, in ka ga haka aljani ne ya ari kamarsa. Ya faɗi haka, sannan ya nemi in tura masa a filas. Ni kuwa abin da ya kama ni shirun wasan ne. Gidan ya yi tsit irin na gidanmu, shi ya sa nake jin haushinsa kuma na kasa rabuwa da shi.

Gidanmu a Umarari yake. Asalinmu Kanawa ne, kasuwanci ya kawo mahaifinmu Maiduguri, a nan ya rasu. Mu uku muka rage a gidan: Inna, da ni, da matar wana, wadda nake kira Anti. Wan nawa, Yaya, yana noman shinkafa a Zabarmari. Wata safiya, a shekarun da hanya ba ta da tabbas, ya fita zai je gona, bai dawo ba. An duba asibitoci, an duba sansanonin 'yan gudun hijira, an tambayi duk wanda ake iya tambaya. Ba gawa, ba labari. Saboda haka ba mu yi zaman makoki ba, ba mu yi sadakar uku ba, Anti ba ta shiga takaba ba. Mutane suka rasa gaisuwar da za su yi mana, sai su ce "ya jiran?" su wuce da sauri. Na tsani wannan gaisuwa har cikin raina.

Anti Babarbariya ce, doguwa, mai haɗa turaren wuta da humra tana sayarwa. Tun zuwanta gidan nake tsokanar Hausarta, ita kuma tana ce min "mijina", kamar yadda ake wasa tsakanin mace da ƙanwar miji. Bayan ɓatan Yaya wasan ya mutu. Ta ci gaba da aikinta, tana wa Inna girki, tana share ɗakinsu. Akwai wata rigarsa mai ruwan toka a rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin, wadda ya cire ana gobe zai fita. Ta lulluɓe ta da tsohon zane saboda ƙura, ba ta taɓa sauke ta ba.

Lokacin bazara ne, wuta ba a maganarta, sai in kai laftof ɗin gidan maƙwabta masu sola a yi min caji. Bayan azahar nakan shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar maina da ke tsakar gida in buɗe wasan. Ran nan Anti tana gefe tana daka kayan turare, sai na ji turmi ya yi shiru. Na waiwaya na gan ta tsaye a kaina.

Ta ce, "Wannan matar me take nema a gidan mutane?"

Na ce, "Mai gidan ne ya ɓace, take binciken abin da ya same shi."

Sai da maganar ta fita na ji nauyinta. Na kai hannu zan rufe, ta ce in bari. Ta goge hannunta a zane ta zauna kusa da ni. Daga ranar muka zama mu biyu: ni ina riƙe da linzamin kwamfutar ina fassara mata Turancin, ita tana nuna min inda zan danna. Kuma ta fi ni ido. Ita ta lura da cewa ƙurar kan tebur ta goge a wuri ɗaya, ita ta ce wannan kofin ba na mai gidan ba ne, na baƙo ne, don ba a jera shi da sauran ba. In inuwar ta gifta a madubi ni nakan zabura, ita ko gezau. Takan ce, "Mijina, matsoraci. Ai wannan bawan Allah magana yake son yi." A wasan nan ne na sake jin ta kira ni da sunan, kuma na yi murna ƙwarai, ko da yake ban nuna ba.

Ƙorafinta na farko a kan matar wasan shi ne rashin sallama. Ta ce wace irin tarbiyya ce mutum ya faɗa ɗakin wani haka kawai. Sai ya zama duk ƙofar da zan buɗe, Anti ta yi sallama a madadinta, a hankali. Na yi dariya har Inna ta leƙo ta ce mu biyun duka muna buƙatar rubutu. Amma da ta fahimci cewa kayan da ke jere a ƙasan allon daga gidan na kwaso su, sai fuskarta ta canja.

Ta ce, "Fitilar nan ta waye?"

"Ta mai gidan."

"Ya ba ki?"

"Anti, ai ya ɓace. Haka ake wasan, sai ka ɗauki kaya kake wucewa gaba."

Ta ce, "In yana raye, sata kika yi. In ya mutu, na magada ne, kuma ban ga an raba ba. Wanne ne a ciki?"

Na ce ba a sani ba tukuna. Ta ce to shi ya sa ba a taɓawa.

Na yi ta mata bayani cewa zane ne, babu gida, babu magada, wasu Turawa ne suka zauna suka ƙirƙira. Ta ce ta sani, ita ba yarinya ba ce. Da ƙyar muka daidaita a kan cewa aro ne, matar za ta mayar in ta gama. A haka muka lallaɓa har muka isa ɗakin barcin mai gidan. A can akwai kwat a rataye bayan ƙofa. Na ɗora ɗan hannun a kanta, rubutu ya fito cewa akwai wani abu mai nauyi a aljihu. Kowa ya san makullin ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne, ɗakin da muka yi ta zagayawa a rufe.

Anti ta riƙe min hannu. Ta ce, "Wannan kam a'a. Aljihun namiji ba a sa masa hannu ba ya nan."

Na ce babu wata hanya, in ba mu ɗauki makullin ba wasan ya tsaya ke nan. Ta ce to ya tsaya. Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata a wasa ma sai mun yi jira, wannan gida komai jira ne, abinci jira, magana jira, yanzu har mutumin zane sai mun jira ya dawo ya ba mu izini. Ta tashi ta koma wa turminta, ni kuma na rufe laftof ɗin da ƙarfin da bai kamata ba. Ina iya ƙarasa wasan ni kaɗai, ba wanda zai hana ni, amma duk sanda na buɗe na ga kwat ɗin sai in ji ba na so. Matar wasan ta yi ta tsayuwa a bayan ƙofa har damina ta kusa.

A tsakanin nan ne mahaifin Anti ya zo. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya zauna a zaure, suka yi wushe-wushensu na gaisuwar Barebari da 'yarsa, sannan ya juya Hausa saboda Inna. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce shekarun da ake jira wa wanda ya ɓace sun cika har sun wuce. Idan ta yarda, a je gaban alƙali a yanke hukunci, a yi wa Yaya addu'a irin ta mamaci, ta yi takaba, ta san matsayinta. Ya ce ba ya tilasta ta, amma shi ma tsufa yake, yana son ya ga inda ta tsaya. Inna ta yi kuka, ta ce ita ba za ta riƙe 'yar mutane ba, ko da yake in Anti ta tafi gidan ya zama kango. Anti dai ta ce, "Baba, a ba ni lokaci." Ya tafi a kan haka.

Na ɗauka ba za ta ƙara waiwayar wasan ba. Sai ga shi wata la'asar, hadari yana haɗuwa ta gabas, ta zo ta ce in ɗauko kwamfutar. Na kunna, muka tarar da matar inda muka bar ta. Anti ta ce, "Nuna min yadda ake riƙewa." Ba ta taɓa taɓa linzamin ba sai ranar. Ɗan hannun ya yi ta yawo a allon, ya wuce kwat ɗin, ya dawo. Ta yi bismilla ta danna. Makullin ya faɗa jaka.

Daga nan wasan bai yi nisa ba. Muka sauka ɗakin ƙasa, inuwar ta fito sosai, ta tsaya ta nuna wani wuri a bango. Aka fasa, aka sami ƙasusuwan mutumin, aka gano wanda ya kashe shi da dalili. Matar ta sa aka binne shi a bakin tafkin. Agogon da ya tsaya ya ci gaba da tafiya, madubi ya koma madubi, sunayen waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka fara hawa allon. Na fassara mata komai, har ƙarshe.

Na tambaye ta yadda ta ga wasan, don in kawar da shirun. Ta ce, "Yana da kyau. Amma wanda ya yi shi bai taɓa ɓatar da mutum ba. Ya sa komai yana magana. Kofi yana magana, agogo yana magana, mamacin ma ya zo da kansa ya nuna wuri." Ta miƙe ta gyara ɗaurin zanenta. "Su dai an gaya musu."

Ta shiga ɗakinsu. Daga inda nake zaune ina hango bayan ƙofar. Na ga ta yi sallama, a ɗakinta, ta janye zanen da ke kan rigar Yaya, ta ninke shi ta ajiye a kan gado. Ta tsaya. Sannan ta zura hannu a aljihun dama, ta zura a na hagu, ta laluba na ƙirji. Ni ma, da karatuna da komai, na sa rai za ta fito da wani abu da zai gaya mana.

Ta fito ta durƙusa a gabana ta buɗe tafin hannunta. Guntun goro ne da ya bushe ya yi baƙi, da asuwaki wanda aka ci rabinsa, da 'yan ƙwayoyin shinkafa da ba a casa ba, irin waɗanda ke maƙalewa a aljihun manomi. Shi ke nan. Ta juya su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take nuna min abubuwa a allo.

Ta ce, "To, mijina, kai ka iya. Ina za a danna?"

Na riƙe hannun nata da kayan a ciki, muka zauna har yayyafi ya fara sauka a kan tabarma, Inna ta fito tana kwashe shanya ta gan mu, ta ga ƙofar ɗakin a buɗe da rigar ba lulluɓi, ta ajiye kayan ta zauna a bakin rijiya.

Washegari Anti ta ce a aika wa mahaifinta. Da aka gama abin da za a yi gaban alƙali, ni ta kira in cire mata 'yan kunne, don za ta shiga takaba. Ta tattara humrarta da turarenta duka ta ba ni, ta ce in ajiye mata sai ta fita. Rigar kuwa aka sauke ta aka haɗa da sauran kayansa, aka raba.