Bidiyon da Babu Wanda Ya Saya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, Allah Ya karɓi ran Zakiyyu mai caja na tashar Jabi, bayan gajeriyar jinya. Har yau ban yi kuka ba. Zaune kawai nake.

Zakiyyu, cajar waya kake sayarwa, amma da wayarka ka riƙe gida. Hatsari, gobara, rusau, kana wurin ka ɗauka, ka sayar wa gidajen talabijin. Ni nake rubuta maka bayanin Turanci, iyakar amfanin da digirina ya yi min ke nan tun da ma'aikata ta sallame ni. A duk tashar kai kaɗai kake ce min Malam, kuma ba ka taɓa cin abincin rana ba ka aiko min ba.

Editoci suka koya maka aikin: riƙe waya a kwance, kada hannu ya yi rawa, rufe baki. Wani ya ce maka, "Oga, hoto muke saye, ba salatinka ba." Ka kuwa koya. Sunanka bai taɓa fitowa ba, sai dai a rubuta "wani ganau".

Bayan sadakar uku matarka Bilkisu ta miƙo min wayar. Ta ce, "Malam, Khaula ta dame ni da muryar babanta, kuma yarinya ce, za ta manta. Duba mana ko akwai."

Na duba. Motoci a kife, kwanon rufi a ƙasa, mata suna ihu. Babu fuskarka, babu muryarka. Kukan kowa ka adana, kai ko tari ba ka yi ba.

Sai can ƙasa na ga ambaliyar Idu ta bara, ranar da ruwa ya ja wani dattijo makiyayi, Yero, da saniyarsa. Hoton ya fara tsaf, irin wanda editoci suke rububinsa. Daga nan wayar ta faɗi a ciyawa, ba a ganin komai sai gajimare. Sai muryarka: "Baffa, saki igiyar! Saniyar za ta fita da kanta! Kama hannuna, kama!" Sai haki, sai dariyarka.

Na tuna mun tura shi ko'ina, babu wanda ya saya. Wani edita ya ce me za su yi da gajimare.

Na kunna wa Khaula. Ta manna wayar a kunne har ya ƙare, ta ce, "Malam, sake."

Allah Ya jiƙan ka, Zakiyyu, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Bilkisu, da Khaula, da 'yan tashar Jabi. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya yarinyar nan. Kai kuma, ranar da babu mai taimako sai Shi, Allah Ya kama hannunka yadda ka kama na Yero. Amin.