Ranar da Na Ɓoye 'Yata a Yelwa

Shekara biyu da mutuwar aurenmu, uban 'yata bai aiko ko sabulun wanki ba. Ina zaune a gidanmu a Ƙofar Ran, ina ƙulla zoɓo da kunun aya, da su nake biyan kuɗin makarantarta. Ban kai ƙara ba, kuma ba haƙuri ne ya hana ni ba, don ni ba mai haƙuri ba ce. Tsoro ne. Duk matan unguwarmu sun san yadda ake yi: ki nemi kuɗin ciyarwa, shi kuma ya miƙe gaban alƙali ya ce to a ba shi 'yarsa, ai ta daɗe da wuce yaye.

Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita asibiti, na sayar da firijin da nake sana'a da shi, sannan na je na yanko masa sammaci.

Ranar zaman, Inna ta ce kada in kuskura in bar yarinyar a gida, danginsa za su iya zuwa su ɗauke ta. Da sassafe na sa ta a keke mai ƙafa uku na kai ta unguwar Yelwa wurin Gwaggo. Shekararta bakwai lokacin. Na ce ko wa ya yi sallama kada ta leƙo. Ta tambaye ni dalili, ni kuma da bakina na gaya mata gaskiya: "Babanki zai ce a ba shi ke."

Ya zo kotu cikin shadda sabuwa fil, har ya yi ƙiba. Ni kuwa na haddace amsata tsaf, wa ya yi jinyarta, wa ya san abin da ba ta ci. Na shirya in yi birgima a ƙasa in ta kama.

Alƙali ya tambaye shi me ya hana shi ciyar da 'yarsa. Ya ce kasuwa. Sannan ya gyara hula ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na bar mata yarinyar. A rubuta in sa hannu. Ba ni ba ita, in ta isa aure ma su nemi waliyyi."

Alƙali ya ce babu takardar da ke cire uba daga 'yarsa a shari'a, ko ya so ko ya ƙi. Ya yanka masa abin da zai riƙa kawowa duk wata ta hannun magatakarda. Wata mata a bayana ta ce innalillahi. Ni wallahi ban ji komai ba, ko haushi. Fankar sama nake kallo, tana juyi tana ƙara.

Da la'asar na isa Yelwa. Gwaggo ta ce tun safe yarinyar ba ta fito ba, ko abinci a ɗaki ta ci. Na same ta bayan ƙyaure, ta sa takalmanta, ta rungume jakar makaranta.

"Umma, ya ce a ba shi ni?"

Na ce e, ya ce. Alƙali ne ya hana.