Ruwan Mushe da kuɓewar Iya Hajo

Har gobe ban manta da ranar da shef ɗinmu, wato shugaban aikinmu, ya aike ni duba wata ma'ajiyar ruwa a gidan haya ba. A ƙarshen mulkin Faransa ne, ina magini a ma'aikatar gine-gine ta kumandan a Dakoro. Ku yaran yanzu da kuke murɗa famfo ba ku san wahalar ruwan garin nan ba. Rijiya ce mai zurfin da sai takarkari ke jan guga, 'yan ga-ruwa su ɗora salka a kan jakai su bi gida gida. Mai hali yakan gina ma'ajiya ta siminti, wadda muke kira basan, a riƙa zuba masa a ciki.

Gidan na Nomau ne, dillalin shanu, ya ba Mushe Isufu haya, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka kawo daga Damagaram; da Faransanci, Mushe muke kiran irinsu don girmamawa. Mai kawo masa ruwa kuwa Agali ne, mutum mai jaki ɗaya da 'ya'ya rututu. Da bazara ta yi zafi, Mushe ya lura ruwansa ba ya auki. Ya ce Agali na ha'intarsa, ya riƙe masa ladansa, har yana batun kai shi gidan kaso.

Shef ya ce mini, "Tahi ka duba. In ɓarawo ne mu sani, in siminti ne mu sani."

Yadda ake gwajin ba wuya. Na sa Agali ya cika basan a gaban kowa da safe, na ja layi da gawayi daidai bakin ruwan, na rufe murfi na liƙe da laka. Da la'asar muka buɗe, ruwa ya sauka ƙasa da layin, alhali ba wanda ya taɓa shi. Agali ya fita daga zargi, har ya yi ƙwalla. Na zaci magana ta ƙare, ashe yanzu ta soma.

Mushe ya ce, "Na yarda bai cuce ni ba. Amma ruwan da ban sha ba, ban yi wanka da shi ba, don me zan biya?"

Da ya juya ga mai gidan, Nomau ya ce, "Ni ɗaki na ba ka haya, ban ba ka ruwa ba. Mi ya shahe ni?"

Kowa da gaskiyarsa, wanda ya yi wahalar kuma yana tsaye hannu wofi. Agali ya ja ni gefe ya ce in ba a biya shi ba, ranar kasuwa zai sayar da jakin ya sayi hatsi. Ga-ruwan da ba shi da jaki kuwa ya tashi daga aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai, ga shi na shafa bangon basan kaf ban ga tsaga ba.

Washegari ina zaune a gindin katanga ina zufa, sai ga Iya Hajo, mahaifiyar Nomau, wadda gidanta ke manne da na hayar. Ta ajiye mini akushin tuwo ta ce, "Ci, ɗana, tun sahe kake leƙen rami kamar mai neman kunama." Na kai loma, na tsaya. Miyar kuɓewa ce ɗanya, a tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ba ta ganin kore a Dakoro.

Na ce, "Iya, ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Bayan ɗakina. Allah ne ya ba ni, ko ɗigo ban zuba mata ba."

Na bi ta. Jikin katangar, daidai bayan basan, ga kuɓewa da yakuwa sun yi shar, ƙasar wurin da danshi. Na koma na kwashe lakar da ta kwanta a gindin basan, sai ga tsagar a kusurwa, siririya kamar zare.

Da na yi mata bayani, tsohuwa ta riƙe haɓa. Can ta sa aka kira mata Nomau da Mushe da Agali. Ba ta ko kalli Mushe ba, ɗanta ta fuskanta.

"Nomau, a garin ga ba a saida ruwa, na Allah ne. Wahalar ja aka biya. Wa ya ci miyar ga tare da ni?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Iya."

"To gumin Agali munka sha. Ka ba shi takarkarinka shi ja mashi guga har ruwa shi sauka. Kai kuma Mushe, biya shi na abin da ya shiga cikinka, ka kuma ba shi haƙuri gaban mutane, tunda gaban mutane ka ce mashi ɓarawo."

Mushe ya cire hularsa ya ba Agali hannu, ya biya shi nan take. Simintin gyara ma Nomau ne ya saya ba gardama, ni kuma na liƙe tsagar.

Ina cikin liƙewa Iya ta leƙo ta katanga ta ce, "Kashe mini lambu za ka yi ke nan?" Agali ya yi dariya ya ce kullum zai rage mata gindin salka. Ya kuwa cika alkawari.

Tun daga ranar, in ruwa ya ɓace a gida, ba na fara tambayar wa ya sata. Zagayawa nake yi bayan katanga in ga inda ya yi kore, don ruwa ba ya ɓacewa, wani ne ke sha bai sani ba. Ranar kasuwar da ta zo na ga Agali ya wuce da jakinsa, salka biyu cike, bai ko kalli wajen dillalai ba.