Ranar da Gwaggo Tsaye ta Zauna

Shekara tara ba wanda ya ga Gwaggo a zaune a shagonta, shi ya sa 'yan layin suka laƙaba mata Gwaggo Tsaye. Tela ce, ciwon kuwa ya kama ta ne a gaɓar da ƙashin baya ya haɗu da na ƙugu, ta hagu. Minti biyar a kujera ya isa ta ji kamar an soka mata ƙusa. Ƙaninta kafinta ya ɗaga mata keken ɗinki a kan katakai, ta koma juya shi da hannu a tsaye. Rigar wuni ɗaya ta zama aikin kwana uku, masu kawo ɗinki suka fara sulalewa. 'Yarta kullum maganarta ɗaya: "Inna, ki rufe shagon nan ki huta." Ita kuwa a wajenta, da rufe shagon da binne ta da rai duk ɗaya ne.

A asibiti, wata likita da ko 'yar farin Gwaggo ta girme mata ta ce sai an fara gwaji. Za a yi wa gaɓar allurar kashe zafi mai aikin 'yan awanni, in ciwon ya ɗauke, to an gano maɓoyarsa. Gwaggo ta koma gida ta miƙe a gado, ko tari ba ta yarda ta yi ba.

Washegari likita ta tambaye ta, "Mama, da kika zauna, yaya kika ji?"

"Zama? Ai kwanciya na yi, 'yar nan, kada maganin ya zube."

Likita ta yi dariya har da riƙe ciki. "Tsokanar ciwon nake so ki yi, Mama. Ki je ki yi abin da ya hana ki."

Aka sake allurar. Gwaggo ta sa aka sauke keken, ta zauna, ta taka feda awa huɗu tana ɗinki tana kukan murna. Da yamma ciwon ya dawo kamar yadda aka faɗa mata, amma an riga an san gidansa.

Ranar da aka yi mata ainihin aikin tana kwance rubda ciki, idonta biyu, tana kallon ƙashinta a allon hoto. Shekara talatin tana cin abinci da allura, amma ba ta taɓa ganin wadda ba kafar zare, sai waya a gindi ba. Likita ta ce wata na'ura ce za ta aiko da igiyar rediyo ta ɗumama bakin allurar, ta ƙone 'yan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, waɗanda ba su fi zarenta kauri ba. Mamaki ya kashe Gwaggo. Ashe abin da ya tsayar da mace guda shekara tara, ɗan aikensa bai fi zare ba! Ta dinga cewa "Ikon Allah" har aka gama.

Likita ba ta ɓoye mata ba, jijiyoyin na iya sake tohowa bayan shekara ko fiye, sai a maimaita. Gwaggo ta ce, "Shekara guda a zaune? 'Yar nan, ba ki san yawanta ba."

Tsamin wurin ya yi mako biyu ya wuce. A na uku, wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta leƙo da yadi a hannu, tana jin nauyi, ta ce yaushe za ta dawo ta karɓa.

Gwaggo ta ce, "Dawowa kuma? Jawo kujera ki zauna kusa da ni, yanzu za ki tafi da abinki."