Ɗanyen Man Shanu da Kek Mai Hawa-Hawa

Da asuba muka bar Zariya a motar kaya, ni da wani maƙwabcina mai zuwa sarin yadi. Dalilin tafiyata ɗaya ne. Matar Baturen da nake yi wa kuku ta ce in ban iya kek ɗin Faransawa mai hawa-hawa ba kafin baƙinta su zo, za ta ɗauko wani kuku daga Ikko. An ce mini akwai dattijon kuku a Unguwar Kanawa ta Kaduna da ya taɓa yi wa Bafaranshe aiki.

Hanya ba laifi, sai gargada. A Rigachikun muka tsaya muka ci ɗanwake, ga araha, ga yaji ya yi yawa. Matan Fulani na sayar da man shanu, ɗanye da soyayye. Na zaɓi soyayye, don shi ne mai tsabta, shi ake kai wa mai daraja.

Da muka shiga Kaduna na sami dattijon, ya kai ni kicin ɗin maigidansa a unguwar Turawa. Ya buɗe kwanon man da na sayo ya dube ni.

"Malam, tuwo za mu ci ne?"

Na ce, "Baba, ai wannan ne mai kyau."

"A miya ba. Ɗanye ake so, mai tauri. Ruwan nan da ake ƙonewa wajen suya, shi ke ɗaga ɓawon kek ɗin."

Na tafi kasuwa na sayo ɗanye, muka sa a firjin kananzir ya daskare. Ga tsarin aikin. Da farko a kwaɓa fulawa da ruwan sanyi da gishiri. Sannan a naɗe man a ciki, a murza, a ninka, a mayar firji, a sake. Bayan an gasa, a dama madara da ƙwai da sukari a kan wuta su yi kauri. Daga nan sai jeri: ɓawo, damun, yankan mangwaro, wani ɓawon.

Na ɗanɗana. Maiƙo ne da zaƙi, ƙwai da madarar kaɗai ke gina jiki. Yana ginsar mutum, amma ba ya riƙe ciki. Mai noma ya ci wannan, kafin hantsi zai nemi fura.

Washegari muka koma gida lafiya. Na koyi cewa abin da ya fi kyau a tukunyarmu ba lallai ya yi a ta wasu ba, a tambaya kafin a saya. Ranar baƙi na bi tsarin ban tsallake komai ba. Uwargida ba ta yaba ba, dama ba halinta ba ne. Ta dai ce in sake yi ran Lahadi.