Ranar da Uku Ta Koma Talatin

Yayana ko allura bai iya riƙewa ba, amma shekara goma sha biyu ya yi yana aiki a wani asibiti, a ɗakin baya mai taga ɗaya, jikin janareta. Na-Kwamfuta suke kiransa. Mama kuwa in ta hango shi sai ta ce, "Ga likitan da bai taɓa ganin mara lafiya ba."

Aikinsa kula da wani ɗan fayil mai lambobi. Gwajin jini na gaggawa, kwana uku. Awon ciki, sha huɗu. Da an ɗebi jinin mutum, na'ura za ta ɗora kwanakin a kan ranar, ta fitar da wa'adin kiransa a faɗa masa sakamako. In wa'adin ya wuce, sunansa ya yi ja a allo, nas-nas su hau waya. Wanda bai yi ja ba, ba mai tunawa da shi.

Wata Litinin manaja ya leƙo, mutumin da ya fi tsoron baƙi a kan tsoron Allah.

"Masu duba aiki za su yi mako a nan. Da ƙyar muka share tsofaffin jajayen sunaye, ba na son sabon ja. Mai da ukun nan talatin."

"Ranka ya daɗe, jinin mutane ne fa."

"In sun tafi ka gyara. Mene ne a ciki?"

Yaya bai iya musu ba, abin da ke ƙona min rai da shi ke nan. Ya canza. Baƙi suka yaba suka tafi, ya mayar da uku, ya dawo gida har da fito. Ya manta abin da ya sani sarai: sau ɗaya na'ura ke lissafin wa'adi, ranar da aka ɗebi jini. Duk mutanen wancan makon suna nan a kan talatin.

Da wata ya cika, suka fara yin ja, mutum arba'in da ɗaya. Da kansa ya ɗauki waya ya fara kira. Suna na bakwai wata mai ɗinki ce, mijinta ya ɗauka.

"Daga asibiti ne. A kawo ta yanzu-yanzu, don Allah."

Mutumin ya ce:

"Yau kwana tara da muka kai ta makwancinta. Ta yi ta cewa da a ce akwai matsala, da kun kira."